Saƙon muryar da na yi wa maigida ya faɗa zauren danginsa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Kano, watana biyar a ɗaki. Makonni uku da suka wuce maigidana ya daɗe bai dawo daga kasuwa ba, sai na ɗauki waya na yi masa saƙon murya. Na yi masa kirari, na kira shi zakin gidana, na ce na yi masa dambun shinkafa da zogale, in bai hanzarta ba zan cinye naman in bar wa zaki ƙashi. Har 'yar waƙa na rera masa a ƙarshe. Ashe ba shi na tura wa ba, zauren WhatsApp na danginsu na tura, inda Baba da Hajiya da yayyensa da ƙannensa duk suke. Ban lura ba sai da na idar da sallar isha'i. Na goge, amma kafin nan mutum fiye da ashirin sun saurara, da na duba kuma na ga har da sunan Baba.

Tun daga ranar ƙannensa ba su da abin kiransa sai Zaki. Autansu ya cire hoton zauren ya sa hoton zaki. Kakarsu ta aiko min cewa kishiya ta ƙwace mata miji da daɗin baki. Baba da Hajiya ba su ce uffan ba, shirun nasu kuma ya fi komai damuna. Wata faccalata an ce ta adana muryar tana kunna wa ƙawayenta. Maigida in na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce ba komai. Ni kuwa ko kwanciya na yi sai muryar ta riƙa dawo min a kunne, in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban sake taka gidan surukaina ba. Ga shi matar babban wansu ta haihu, suna ranar Asabar, na yi niyyar in ce ba ni da lafiya. Anti, in je ko kada in je? In fita daga zauren? Ko in sa shi ya tsawatar musu gaba ɗaya?

Amarya, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ki je sunan, kuma kada ki fita daga zauren. Tsawatarwa akwai wadda ya kamata a yi, amma mutum ɗaya ta shafa, sauran gidan ba su da laifi. Zan zo kanta.

Ba zan ce miki ba komai ba, domin da komai. Mu da muka tashi a gidajen da mace ba ta kiran sunan mijinta a gaban iyayensa, uwa take yi wa ɗan farinta alkunya har ya yi furfura, amarya take shafe watanni ba ta iya kai loma baki a gaban uwar miji ba, mun san nauyin abin da ya same ki. Muryar da kika keɓe wa mutum ɗaya ta shiga kunnen dattijon da ko gaisuwa sai kin durƙusa kin sunkuyar da kai kike yi masa. Duk 'yar da ta samu tarbiyya dole ta ji abin da kika ji. Da kin rubuto min kin ce ko a jikinki, da na fi damuwa da ke.

Sai dai ina so ki natsu ki sake bin kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, kamar wata ce ta faɗe su. Mace ta yi wa mijinta girki, ta ga ya daɗe, ta yi kewarsa, ta yi masa kirari ta zolaye shi. Babu zagin kowa a ciki, babu gulmar uwar miji, babu ƙorafin kuɗin cefane. Kullum saƙonni suna ɓatan hanya irin haka, kuma waɗanda suke raba zumunci su ne masu ɗauke da "ka ga abin da ƙanwarka ta yi min" da "ni fa na gaji da mutanen gidanku". Naki abin da ya gaya wa dangin shi ne ɗansu ya dace da mata, ana jiransa a gida, an dafa masa abinci mai kyau. Babu uwar da za ta ji haka game da ɗanta ranta ya ɓaci.

Ta fuskar addini ma hankalinki ya kwanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa kunya ba ta zuwa sai da alheri, kuma kunyar da ake yabo ita ce mai riƙe mutum daga saɓo. Ke ba ki yi saɓo ba. Amru ɗan Asi ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi so a cikin mutane, ya amsa masa a fili ya ce A'isha. Yakan kuma taƙaita sunanta ya kira ta "A'ish". Ƙaunar miji da yi masa suna mai daɗi ba su cikin abubuwan da ake tuba daga gare su. Wanda nake jiye miki shi ne yanke ƙafa daga gidan surukai da ƙaryar ciwo ranar suna, don waɗannan biyun su ne za su iya zama laifi na gaske.

Ga abin da nake ganin zafin abin ya hana ki gani. Kin haɗa mutanen gidan nan duka kin ɗaure su dami ɗaya, kina ganin kowa dariya yake yi miki. Alhali Bahaushe tun kaka da kakanni ya raba wa amarya dangin mijinta gida biyu: akwai waɗanda ake jin kunya, akwai waɗanda ake wasa da su. Iyayen miji da yayyensa maza, kunya. Ƙannensa da kakanninsa da taubasansa, wasa. Ki sake karanta wasiƙarki, za ki ga kowa ya tsaya a inda al'ada ta ajiye shi. Masu kunya sun yi shiru, masu wasa sun yi wasa. Mutum ɗaya ce kawai ta tsallake layi.

Mu fara da shirun da ya fi damunki. Dattijon da ya ji abin da bai kamata ya ji ba, sannan ya yi kamar bai ji ba, ya gama yi miki karamci. Shirun Baba da Hajiya sutura ce suka lulluɓa miki, kuma ba za su taɓa ɗaga maganar ba muddin ba ke kika ɗaga ba. Saboda haka kada ki kuskura ki je ki durƙusa ki ce "Baba a yi haƙuri da abin da ya faru". In kika yi haka kin tilasta masa ya amsa cewa ya ji, kin jefa shi cikin kunyar da ya yi ta ƙoƙarin kauce wa. Ki shiga ki gaishe su kamar yadda kika saba, ki tambayi jiki da gajiya, ki yi musu barka da samun ƙaruwa. Za su amsa kamar kullum. Minti biyun farko ne masu nauyi.

Abin da Hajiya za ta iya sa wa ido shi ne rashin zuwanki. Makonni uku amarya ba ta leƙo ba, an yi haihuwa ba ta zo barka ba. Uwar miji ba ta ganin cikin zuciyarki, ƙafarki take gani. Tana iya ɗauka an ɓata miki rai a gidanta, tana iya ɗauka raini ne. Don haka kada Asabar ta zama ranar farko da za ki haɗu da su. Gobe ko jibi ki biya ta wajenta da la'asar, lokacin da gidan ba cika, ki gaishe ta, ki wuce wajen mai jego da 'yan kayan barkarki. Haɗuwa da mutum uku ta fi sauƙi a kan haɗuwa da tsakar gida cike da mata.

Saƙon kaka kuwa, wallahi da na karanta shi daɗi na ji miki. A wasan kaka da jika, jika namiji mijinta ne, matarsa kuma kishiyarta. Tsohuwar da ta aiko ta ce kin ƙwace mata miji da daɗin baki ta shaida wa gidan nan duka cewa ta karɓe ki, ta kuma nuna wa kowa yadda za a ɗauki maganar, wato abin raha ne. Tsofaffi sun iya wannan. Ta ga jikarta ta shiga wani hali, ba za ta iya zama ta yi miki wa'azi ba, sai ta jefo miki wasa don ki kama. Jiranki take ki rama. Ki yi dambun nan, ki zuba a kwano mai kyau, ki haɗa da goro ki kai mata da kanki, ki ce ga shi kishiya ta ɗanɗana ta ji abin da ya sa aka guje ta, naman kuma kin cinye tunda ba haƙoran ci. Za ta zage ki tas, za ta ce ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa ba, za a yi dariya, kuma daga ranar kin samu mai tsaya miki a gidan.

Ƙannen miji haka nan. "Matarmu" suke ce miki, kuma zolayarki haƙƙinsu ne kamar yadda zolayarsu take haƙƙinki. Dokar wannan wasa ɗaya ce, wanda ya yi fushi shi aka ci. Muddin kina ɓuya, su kaɗai ke riƙe da labarin, suna juya shi yadda suka ga dama. Ranar da kika fito kika mayar da martani, rabin daɗin ya tafi. In autan ya tare ki da "ina Zaki?", ki ce yana nan lafiya ya ƙoshi, shi kuma gwauro wa ya taɓa yi masa kirari, ya jira azumi ya zo Nalako ya zagaya gari da shi. Duk ɗan Kano ya san tashen gwauro, kuma samari ba sa son a taɓo musu wannan wuri. In 'yan matan ne, ki ce su zo ki koya musu kyauta kafin a kai su, kada su je su yi wa miji shiru kamar an aiko su. Hoton zakin kuma ki bar shi inda yake, ana raɗa wa jariri suna za a cire a sa nasa.

Ke ma ga ƙarin makami a hannunki da ba ki lura ba. Bazazzagiya ce ke a gidan Kanawa, kuma Kanawa da Zazzagawa abokan wasa ne tun da daɗewa, kamar Fulani da Barebari, kamar Gobirawa da Yarbawa, kamar Gobirawa da Zabarmawa a Nijar. Kirarin garin mijinki shi ne ko da me ka zo an fi ka. To ki gaya musu a daɗin baki dai an zo da abin da ba su da shi, sai da aka ɗauko daga Zariya. Kada ki raina wannan al'ada. A shekarar 2014 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa wasan dangantaka na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa, saboda yadda yake hana ƙananan saɓani zama gaba. Amfaninsa ke nan a gidan aure ma. Amarya baƙuwa ce, ba ta san kowa ba, kowa yana lallaɓa ta. Zolaya ce take fasa wannan lallaɓawar. Gidan da nake jin tsoro shi ne wanda amarya za ta shekara ana yi mata "sannu da zuwa" da ladabi, ba mai tsokanarta, ba mai shiga ɗakinta ya buɗe tukunya.

Na san ba kowa aka yi wa baiwar mayar da magana ba. 'Yan matanmu da yawa yanzu sun tashi a gida daga su sai iyayensu, kaka tana can ƙauye ana ganinta daga Sallah sai Sallah, ba su samu inda za su koyi wannan ja-in-ja ba. In kina cikinsu, ba dole ki zama 'yar kama ba. Jimla ɗaya ta isa. Ki zaɓe ta tun a gida, ki faɗe ta a bakinki har ta zauna, domin kunya tana kulle harshe a lokacin da aka fi bukatarsa. In ma ta gudu, ki rufe fuska da mayafi ki yi murmushi ki ce "ku dai Allah ya shirye ku". Ita ma amsa ce. Fuskar da ta ɗaure da hawaye a bainar jama'a ne kawai ba na so miki.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun auna wannan abu da yake hana ki barci. A Jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun sa ɗalibai su saka riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, su shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun ƙiyasta kusan rabin mutanen ɗakin sun lura, alhali waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. An wallafa wannan a 2000. Za ki ce ai naki kowa ya ji, kuma gaskiyarki. Amma a 2001 suka sake wani binciken a kan wanda kowa ya ga katoɓararsa, suka samu cewa mutum yana tsammanin hukuncin da ya fi tsanani nesa ba kusa ba a kan wanda masu kallo suke yi masa. Dalili shi ne mai abin ba ya ganin komai sai kuskuren, su kuwa masu kallo suna ganinsa tare da sauran halayensa, suna kuma tuna irin nasu. Wasu masu binciken a Jami'ar California da ke Berkeley, cikinsu har da Dacher Keltner, sun wallafa a 2012 cewa mutumin da ake ganin alamar kunya a fuskarsa bayan ya yi kuskure, mutane sun fi amincewa da shi da son mu'amala da shi. Wato sunkuyar da kan da za ki yi a gaban Hajiya, wanda kike tsoron ya tona ki, shi ne zai ƙara miki daraja a idonta.

Yanzu faccala. Ita ce ta tsallake layi, in har abin da aka faɗa miki gaskiya ne. Na ce in har, domin "an ce" kika rubuta, kuma a tsakanin faccaloli ba a rasa mai kai gulma ta dawo da wata. Suratul Hujurat aya ta 6 ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki mataki a kan labari. In ya tabbata, to wannan ya fita daga wasa. Abin da ya faɗo cikin dangi bisa kuskure amana ce a hannun dangi, kuma ɗaukar muryar matar aure tana yi wa mijinta magana a kai wa bare su saurara cin amana ne. Murya a waya ba ta tsayawa inda aka kai ta, daga ƙawa sai ƙawar ƙawa. Wannan kina da haƙƙin a tsayar da shi, kuma da wuri.

Amma kada ki tare ta da kanki, kada kuma a yi maganar a zauren. Maigida ya samu mijinta su biyu, ya ce masa yana roƙon a goge, shi ke nan. In akwai yayarsu mace mai faɗa a ji, ita ma za ta iya yi cikin ruwan sanyi. Ba a neman ta ba da haƙuri a gaban kowa, gogewa ake nema, domin da ita za ki zauna shekaru masu yawa, 'ya'yanku kuma 'yan'uwa ne.

Akwai iyaka ga masu wasan ma. Aya ta 11 a surar nan ta hana izgili, ta hana jifan juna da laƙabin da mai shi ba ya so. Imam Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya don ya yanko asuwaki, iska ta riƙa kaɗa shi, mutane suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Dariyar da take ƙasƙantar da mutum ba a bari ta wuce. Zaki dai ba mummunan suna ba ne, maza da yawa za su so a laƙaba musu shi. Amma in wani ya fara kwaikwayon muryarki a gaban baƙi, ko ya ƙara abin da ba ki faɗa ba, ko ya ja maganar zuwa batsa, ki dube shi ba fushi ba dariya ki ce "wannan kam ya wuce wasa". Mai hankali sau ɗaya ake gaya masa.

Dalilin da ya sa ban yarda a tsawatar wa kowa ba shi ne, ranar da maigida ya rubuta a zauren cewa kada wanda ya sake tayar da maganar, ranar abin raha ya koma ƙara. Za a yi shiru, amma a bayan idonki za a ce amaryar wane ba ta son wasa, ta haɗa shi da ƙannensa. Wannan tambarin ya fi na Zaki daɗewa, ya kuma fi shi ciwo. Fita daga zauren ma haka ne, masu kula da zauren za su ga kin fita, labari ya bazu, sai a samu sabon abin magana.

Shi maigida ina so ki yi masa adalci kaɗan. Sunan a kansa ya zauna, shi ake tarewa a ƙofar gida da masallaci, shi ma Babansa ne ya ji. Dariyar nan tasa wataƙila da ita yake rufe tasa kunyar, wataƙila kuma har ransa daɗi ya ji, don ba kowane namiji ake yi wa kirari ba. Amma "ba komai" ba ta ishe ki ba, ya kamata ya sani. Maza da yawa in mace ta kawo damuwa ba tare da ta faɗi abin da take so a yi ba, sai su ɗauka lallashi kawai ake nema. Ki gaya masa a fili: abin yana hana ni barci, ina so ka raka ni gaida Hajiya, ina so ka yi wa ɗan'uwanka magana a goge muryar. Aiki biyu ne da zai iya gamawa a yini ɗaya.

Akwai abin koyi gare shi a hadisin Anas da Bukhari ya ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa, wata matar tasa ta aiko da abinci a akushi, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Sai ya tattara ɓaraguzan ya kwashe abincin, ya ce wa waɗanda ke wurin "uwarku ta yi kishi", sannan ya sa aka mayar da lafiyayyen akushi ga mai shi. Bai yi kamar ba abin da ya faru ba, bai kuma kunyata matarsa ba. Magana ɗaya mai sauƙi ya faɗa, ya kuma gyara abin da ya lalace da hannunsa. Naki ma ko akushi ba a fasa ba. Mijinki ya yi sauƙaƙawar, saura gyaran.

Muryar da take dawo miki da dare ba alamar wani abu ya same ki ba ce. Haka zuciya take yi da abin kunya, tana maimaita shi, kuma ɓoye shi yana ƙara masa ƙarfi. Ki zaɓi mutum ɗaya naki, yayarki ko aminiyar da kika yarda da bakinta, ki ba ta labarin tun daga ɗora tukunya har zuwa ganin sunan Baba, ki rera mata waƙar ma. Za ta yi dariya har ta riƙe ciki, kada ki hana ta. Wataƙila ke ki yi kuka a karon farko. Na tabbata kuma kafin ku rabu za ta ba ki nata, domin babu matar auren da ba ta da ɗaya a ajiye: wadda ta zuba sukari a miya ranar da surukai suka zo, wadda ta kwashi gaisuwa har ƙasa ga direba tana zaton kawun miji ne, wadda zaninta ya kwance a filin biki. Ba sai kin tilasta wa kanki ganin abin dariya a ciki yau ba. Da kansa yake zuwa, kuma yakan zo ne a tsakiyar ba wa wani labari. Jerin waɗanda suka saurara kuma ki daina ƙirga su a zuciya.

In kuma an yi suna an watse, wata ɗaya ko biyu sun wuce, har yanzu barci ya ƙi, gabanki yana faɗuwa in an ce taro, kina guje wa mutane ko da ba dangin miji ba, to ki ga likita. Tsoron shiga jama'a ciwo ne sananne mai magani, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da yake duba irinsa. Ban ga alamar kin kai nan ba, amma gara ki sani.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada wannan ya sa ki daina yi wa mijinki kirari. Zai zama babbar asara a ce tsautsayin yatsa ya kashe abin da gidaje da yawa suke nema ba su samu ba. Ki maƙale hirarku da shi a saman jerin, ki dubi sunan kafin ki danna. Tun ƙarshen 2023 WhatsApp ya kawo saƙon muryar da ake saurara sau ɗaya ya ɓace, ba a iya tura shi gaba, ki riƙa amfani da shi a irin waɗannan.

Ranar Asabar ki je da wuri, kafin gida ya cika. Wadda ta zo a makare ita kowa yake ɗaga kai ya kalla, wadda aka tarar kuwa 'yar gida ce. Ki ɗaura zanin aiki ki kama wani abu, yankan albasa ne, zuba waina ne, rabon abinci ne, don hannu mai aiki ba ya rasa inda zai sa kansa. Tsokanar farko za ta zo tun kafin ki ajiye jaka, ki ba ta amsarki ki wuce. In kin samu sarari ki je ki zauna kusa da kaka, a gefenta ba mai wuce gona da iri. Allah ya raya jaririn, ya ba mai jego lafiya.